Baba ya ajiye kaki, mutane na cewa ya nemi majalisar jihar Legas

"Assalamu alaikum Baba Samanja. Mahaifina tsohon soja ne, shekara 35 ya yi yana aiki kafin ya yi ritaya. A Agege muke, nan aka haife mu duka. Tun da ya dawo gida shi ne mai raba gardama a unguwa, shi ake tasowa da dare in 'yan sanda sun kama yaro. Yanzu wasu mutane sun sa shi gaba wai ya fito takarar majalisar dokokin jihar Legas, har sun fara kiransa Honarabul. Shi kuma ya fara maganar taɓa kuɗin giratutinsa. Mu 'ya'yansa hankalinmu bai kwanta ba. Tsohon soja zai iya wannan aiki? Kuma Bahaushe zai iya cin wannan kujera a Legas?"

Wa alaikumus salam, ɗana. Ka gaishe mini da Oga, ka ce masa wani tsohon samanja yana sara masa daga Idi-Araba.

In na fahimce ka, kana so ka san ko shekara 35 a bariki tana shirya mutum ya zauna a zauren majalisa, da kuma ko akwai ƙofar da Bahaushe zai bi ya shiga Alausa, inda majalisar Legas take. Maganar giratuti a tsakiya ka saka ta kamar ba komai ba, amma na san ita ce ke hana ku barci.

Bari ka san wanda ke ba ka amsa. Daga Dafo na Zariya na fito, na je Laberiya a ƙarƙashin ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta Afirka ta Yamma, da lokacin sallama ya zo na yi wata shida a cibiyar koya wa sojoji sana'a da ke Oshodi, inda aka koya mini kiwon kaji. Kajin ba su yi albarka ba. Ana nan sai wani Manjo da na taɓa aiki a ƙarƙashinsa ya ci kujerar majalisar jiharsa a Arewa, ya aiko a kira ni. Shekara huɗu ina riƙe masa fayil, ina tsare masa ƙofa, ina zama a bayan zaure ina kallo. Da na dawo Legas na shiga siyasar gunduma, na yi ejan a rumfar zaɓe sau uku. Ba zan faɗi sunan Manjo ko jiharsa ba, amma labarinsa shi ne rabin amsarka.

Ta fuskar doka babu matsala

Wannan ba ya buƙatar dogon bayani. Sashe na 106 na tsarin mulkin 1999 ya ce mai neman majalisar jiha ya zama ɗan Najeriya, ya yi karatu aƙalla matakin sakandare ko makamancinsa, ya zama ɗan jam'iyya kuma jam'iyyar ta tsayar da shi. Shekaru da can 30 ne, gyaran 2018 ya rage su zuwa 25. Sashe na 107 ya ce ma'aikacin gwamnati sai ya ajiye aiki kwana 30 kafin zaɓe, Oga kuwa ya riga ya ajiye. Babu inda aka rubuta cewa sai ɗan asalin jihar. Bahaushen Agege da Bayaraben Agege, a takarda, ɗaya suke.

Abin da zan ja hankalinku a kai shi ne takardu. Mu 'yan zamanin da, da yawa cikinmu mun shiga soja da sunan kawu ko sunan gari, wasu an ƙara musu shekara, wasu an rage. Sai ka ga sunan da ke takardar makaranta daban, na takardar sallama daga soja daban, na katin zaɓe daban. A bariki ba wanda ya damu, a siyasa kuwa da wannan ake kayar da mutum a kotu bayan ya ci zaɓe. Ka tuna yadda aka tasa Janar Buhari gaba da maganar takardar sakandare gabanin zaɓen 2015, har ya ce takardunsa na hannun hukumar soja. In an yi wa tsohon shugaban ƙasa haka, ina ga samanja. Ni ba lauya ba ne, ku kwashi takardun duka ku kai wa lauya ya jera su ya duba.

Abin da kujerar take, da abin da ba ita ba

Majalisar Legas tana da kujera 40, biyu daga kowace ƙaramar hukuma cikin 20 da tsarin mulki ya sani. Shi ne iyakar abin da sashe na 91 ya yarda, don ya ce kada majalisar jiha ta gaza 24 kada ta wuce 40. Wa'adi shekara huɗu, kuma dole su zauna aƙalla kwana 181 a shekara. Aikinsu yin dokar jiha, amincewa da kasafin kuɗi, tantance kwamishinoni, bin diddigin yadda ma'aikatu ke kashe kuɗi, kuma suna da ikon tsige gwamna in ta kai ga haka.

Yanzu ga inda 'yan mazan jiya ke yaudarar kansu. Na sha jin tsoffin sojoji a layin tantancewa suna cewa da a ce muna da namu a majalisa da an gyara mana fansho. Ɗan majalisar jiha ba shi da hannu a fanshon soja ko na sisin kwabo. Tsaro, soja, 'yan sanda da fanshon da ake biya daga asusun tarayya duk suna jerin abubuwan da majalisar tarayya kaɗai ke yi wa doka, hukumar fanshon soja kuma tana Abuja. In abin da ke cin ran Oga shi ne halin da abokansa ke ciki, Alausa ba wurinsa ba ne, ƙungiyar tsoffin sojoji ta Nigerian Legion ta fi kusa da wannan buƙata.

Amma abin da ya shafi Bahaushen Legas a cikinsa da aljihunsa, mafi yawa daga wannan zaure yake fitowa. Dokar hanya ta 2012 da ta taƙaita acaɓa, dokar gyaran sufuri ta 2018 wadda a kanta aka tsaya aka hana acaɓa a Ikeja, Surulere, Apapa, Eti-Osa, Lagos Island da Lagos Mainland daga 1 ga Yunin 2022, dokar hana kiwon sake ta 2021, duk a can aka karanta su aka buga guduma. Duk wanda ya ga yadda aka niƙe babura, ya ga samarinmu sun koma tura baro ko sun hau tirela sun koma gida, ya san me ake nufi da rashin mai magana a ɗakin da ake yanke hukunci. Saboda haka masu cewa muna buƙatar murya a can ba ƙarya suke ba. Abin dubawa shi ne ko Oga ne muryar, kuma ko yanzu ne.

Labarin Manjo

Manjo mutum ne da ko a daji takalminsa na ƙyalli. Ya yi Laberiya, ya yi Saliyo, ya fita da sunansa ba tabo. Garinsu suka roƙe shi, gwamnan lokacin yana neman mutum mai mutunci a wannan yanki, aka ba shi tikiti ba tare da ya sha wata wahala ba. Wannan sauƙin ne ya cuce shi daga baya, don bai taɓa koyon yadda ake samun tikiti ba.

Ranar zama na farko, an ce ƙarfe goma. Tara da rabi yana kan kujerarsa, shi kaɗai a zaure sai masu shara. Sha biyu saura aka shigo da sanda, kakaki na biye. Kakakin nan sa'an ƙaninsa na uku ne, bai taɓa kwana a rami ba, amma Manjo ya miƙe ya ƙame kamar an ce janar ya shigo fareti, hannuwa a manne da cinya, har wasu suka yi dariya. Ni ban yi dariya ba. Wannan ɓangaren soja ya iya shi: girmama kujera ko da ba ka ga girman wanda ke kanta ba.

Inda ya fara tuntuɓe shi ne ƙudurinsa na farko. Akwai wata gada a mazaɓarsa da ruwa ya cinye, ƙauyuka huɗu suka yanke daga kasuwa da asibiti. Mako biyu muna shiri. Ya sa na je na auno faɗin rafin da igiya, ya zana taswira, ya rubuta komai dalla-dalla kamar zai ba da odar kai hari. Ya tashi ya karanta, murya tar, ba inda ya yi gargada. Kakaki ya ce wa zai mara masa baya. Zaure ya yi tsit. Wani na duba waya, wani na gyara hula. Ƙuduri kuwa in ba wanda ya tashi ya mara masa baya, nan take ya mutu. Manjo ya zauna, na ga jijiyar wuyansa ta tashi.

Da yamma wani dattijon ɗan majalisa, tsohon dillalin shanu wanda bokonsa bai taka kara ya karya ba, ya zo ofis ya zauna ya ɓare goro ya miƙa masa rabi. Ya tambaye shi gidan wa ya je jiya da dare. Manjo ya ce ba gidan kowa, ai maganar gaskiya ce, kowa ya ji ya san gaskiya ce. Dattijon ya ce masa a nan ba a ba da oda, roƙo ake, kuma ba a zaure ake roƙon ba. Sai ka bi shugaban masu rinjaye, ka gaida kakaki, ka sami wanda zai tashi bayanka, shi ma ka san ranar da zai buƙace ka. Abin da ake yi a zaure biki ne kawai, an riga an ɗaura auren tun daren jiya.

Wata uku Manjo yana haɗiye wannan magana. A soja, in kana da gaskiya kuma kana da anini a kafaɗa, magana ta ƙare. Na ƙasa da kai zai yi, na sama da kai zai sa hannu ko ya hana, kowa ya san matsayinsa. A majalisa kowa ƙuri'a ɗaya gare shi, kuma kowa akwai jama'ar da ta turo shi. Mutumin da a bariki ko kofur ba zai kai ba, a nan zai iya kashe maka aiki ta hanyar yin shiru kawai. Daga baya Manjo ya koya, gadar ta shiga kasafi a shekara ta biyu, ta hannun kwamitin da dattijon nan ke ciki.

Inda kakin ya yi masa rana shi ne aikin kwamiti. Yawancin zagayen duba ayyuka, a je ofishin kwamishina ne a sha lemo a ɗauki hoto. Manjo bai san wannan ba. An ce an gama wani ƙaramin asibiti an zuba kaya, ya ce a je a gani. Ya shiga ɗaki ɗaki yana ƙirga gadaje kamar ranar duba kayan kurata, ya murɗa famfo ba ruwa, ya ɗaga katifa ya ga tambarin wani asibitin daban, ashe aro aka yi don zuwanmu. Ya rubuta rahoto yadda ya gani. Ma'aikatan majalisa suna son sa saboda wannan, don shi kaɗai ke karanta takarda kafin ya sa hannu. Kuma shekarun bariki sun koya masa zama da kowane irin mutum. Wanda ya ci tuwo a kwano ɗaya da Tibi da Bayarabe da Ibo a bakin daga, ba ya tsorata da bambancin addini ko yare. In rikici ya tashi a mazaɓa, shi ake turawa.

Amma rahoton nan na asibiti ɗan kwangilar yaron wani babba ne a jam'iyya. Ba wanda ya ce masa komai. An dai rubuta an ajiye.

Sai maganar ƙofar gida. Kullum bayan asuba mutum talatin, arba'in na zaune a waje: takardar magani, kuɗin makaranta, matar wane ta haihu, rufin wane ya yaye. Albashi da alawus ba sa ɗaukar wannan, ko na wa ne. Manjo ya ce a yi tsari. Ya sayo babban littafi, ya sa ni a tebur, kowa ya faɗi suna da gunduma da buƙata, a bi layi, wanda ya karɓa wannan wata sai wani watan. A ganina har gobe adalci ne. A ganin mutane kuwa wulaƙanci ne, wai ya mai da su kurata, wai sai an rubuta sunanka kafin a ba ka naira dubu biyu. Abokin hamayyarsa ba ya ba da rabin abin da Manjo ke bayarwa, amma yana bayarwa a dunƙule cikin musabaha, yana tambayar jikin tsohuwa, yana zuwa jana'iza ya zauna har a watse. Mutane sun fi tuna wannan.

Da zaɓen fid da gwani na biyu ya zo, daliget suka yi ta zuwa gida, suka ci suka sha, wasu har da rantsuwa. Manjo yana lissafi da biro, ya ce muna da rinjaye, don a duniyarsa in mutum ya ce "Yes sir" to an gama. Da aka ƙirga, ƙuri'unsa ba su cika yatsun hannu biyu ba. Umarni ya zo daga sama tun daren. A mota muna komawa bai ce uffan ba sai da muka kusa gida, ya ce mini a Laberiya aƙalla ya san ta ina harsashi ke zuwa. Abin da ya cece shi, takardun gidansa na hannun Hajiya matarsa, ta ƙi fito da su lokacin da ya so ya jinginar. Yau yana gonarsa, yana da rufin asiri, in ya shiga kasuwa ana tashi a gaishe shi. Gadar na nan ana wucewa.

Kada ka ce ai ga su David Mark. Gaskiya ne, ya yi gwamnan soja a Neja, ya yi minista, ya zo ya shugabanci majalisar dattawa daga 2007 zuwa 2015. Oyinlola ya mulki Legas da kaki daga 1993 zuwa 1996, ya koma ya ci gwamnan Osun a 2003. Amma waɗannan tun suna cikin kaki suke siyasa, sun raba muƙami, sun ba da kwangila, sun tara mutane da dukiya. Kama da wane ba ta wane. Wanda ya fita da igiya a hannu da giratuti a banki, hanyarsa daban ce.

Legas kuma fa

Tarihinmu da kaki a garin nan ya daɗe. Rundunar da Baturen mulkin mallaka Glover ya kafa a Legas a 1863, wadda sojan Najeriya ke ƙirga asalinsa daga gare ta, da Hausawa aka kafa ta, har sunanta ke nan, Hausawan Glover. Janar Buba Marwa ya riƙe jihar daga 1996 zuwa 1999, ya bar suna mai kyau, har yau Keke Marwa ake cewa. To amma abin da ya faru a Lekki ranar 20 ga Oktoban 2020, da sojoji suka buɗe wuta a wurin zanga-zangar EndSARS, ya bar tabo tsakanin matasan Legas da kaki. Kalmar "tsohon soja" tana buɗe ƙofa a wurin dattawa da 'yan kasuwa masu son tsaro, a wurin wasu matasa kuwa sai an yi bayani.

A Legas tikiti shi ne zaɓe. Tun 1999 gida ɗaya ke riƙe da jihar, suna kawai yake canzawa, daga AD zuwa AC zuwa ACN zuwa APC. A zaɓen 2023, duk da Peter Obi ya zo na ɗaya a ƙuri'ar shugaban ƙasa a jihar, APC ta kwashe kujera 38 cikin 40 na majalisa. Tikitin kuma ba a filin zaɓen fid da gwani ake samunsa ba. Akwai shugabannin gunduma, akwai na ƙaramar hukuma, akwai majalisar dattawan jam'iyya da ake kira GAC, kuma akwai layi na mutanen da suka shekara goma sha biyar suna jera kujeru a taro suna jiran a ce lokacinsu ya yi. Agege kuma ba ƙaramin fili ba ne. Kakakin majalisar, Mudashiru Obasa, mazaɓar Agege ta ɗaya yake wakilta, yana kan kujerar kakaki tun 2015. A Janairun 2025 'yan majalisa suka tsige shi suka ɗora Mojisola Meranda, farkon Maris ya dawo kujerarsa. Wannan kaɗai ya isa ya nuna maka cewa abin da ke juya zauren ba a cikin zauren yake ba. Ka kuma lura, shi kansa daga kansila ya fara a Agege a 1999.

Wanda ba Bayarabe ba ya taɓa shiga? Ya taɓa. Jude Idimogu, Ibo ne, ya ci Oshodi-Isolo ta biyu a 2015 a ƙarƙashin PDP, daga baya ya koma APC. Abin da ya ɗauke shi, mutanensa a wannan yanki suna da yawa, sun yi rajista a inda suke zaune, kuma sun fito ranar zaɓe. Mu fa? Je ka tashar Agege ko Mile 12 ana saura kwana uku zaɓe ka ga motoci na lodin mutane zuwa Kano da Sakkwato da Katsina. Mutum ya shekara ashirin yana sayar da tumatir a Legas, katinsa na ƙauye. Na tsaya a rumfa a unguwar da in ka waiwaya ko'ina hula ce, amma rajistar da ke hannuna sunayenmu ba su kai kashi ɗaya cikin huɗu ba. Yawan da ake gani a masallacin Juma'a ba shi ne yawan da ke cikin akwati ba, 'yan siyasar Legas kuma akwati suke ƙirgawa. Ƙara da cewa kanmu ba a haɗe yake ba: wannan sarki da nasa mutane, wancan shugaban kasuwa da nasa, ƙungiyoyin 'yan Arewa kala-kala kowace na cewa ita ce uwa.

Ko da duk mun haɗu, ba mazaɓar da ƙuri'ar Hausawa kaɗai za ta ci. Dole Oga ya zama ɗan takarar Agege, ba ɗan takarar Zango ba. Yana jin Yarbanci? Ba na cinikin kasuwa ba, na tsayawa gaban baale, wato mai unguwar Yarabawa, da iyayen kasuwa a yi magana da karin magana. Majalisar Legas ranar Alhamis da Yarbanci take zama. Ku da aka haifa a nan wataƙila kun fi shi wannan, shi da ya yi rayuwarsa daga wannan bariki zuwa wancan.

Su wane ne ke kiransa Honarabul

Wannan ita ce tambayar da nake so ku yi kafin kowace. Duk tsohon sojan da giratutinsa ya faɗo, akwai masu jin ƙamshinsa daga nesa. Wasu da maganar fili suke zuwa, wasu da kasuwancin da riba ke ninkawa, wasu da takara. Ba na cewa mutanen Oga duk haka suke, ban san su ba, kai ka san su. Gwajin mai sauƙi ne. A cikinsu wa ke da muƙami a shugabancin jam'iyya na gunduma? Wa zai iya ɗaukar Oga ya kai shi falon wani jigo a zauna, ba a tsaya a bakin get ba? Wa ya ce ga nawa gudummawar? In duk taron da aka yi Oga ne ke biyan kuɗin shayi da na mota, to ba su ne ke tsayar da shi ba, shi ne ke ɗauke da su.

Kuɗin kuma ba wasa ba ne. A zaɓen 2023 fom ɗin majalisar jiha a APC naira miliyan 2 ne, dokar zaɓe ta 2022 kuma a lokacin ta sa iyakar abin da ɗan takarar wannan kujera zai kashe a naira miliyan 30. In doka ta ce kada a wuce 30, ka san inda abin ke kaiwa. Fom shi ne mafi arha. Bayansa akwai gaisuwar shugabanni, fosta, motoci, ejan a kowace rumfa da abincinsa, da lauya in an tafi kotu. Giratuti sau ɗaya ake biyan sa a rayuwa. Ra'ayina a nan ba shi da kwana-kwana: kada a taɓa shi, kada a taɓa gida. Takarar da jama'a ke so da gaske, jama'a ke haɗa mata kuɗi.

Hanyar da nake ganin ta fi

Ban ce Oga ya koma ya zauna a tabarma yana jiran alat na fansho ba. Mutumin da ake tasowa da dare don ya je caji ofis ya riga ya fara aikin wakilci, albashi ne kawai babu. Abin da ya rage ya shigar da wannan aiki inda ake lissafa shi. Ya yanki katin jam'iyyar da ransa ya kwanta da ita a gundumarsa, ya riƙa zuwa taro. Ya shiga ƙungiyar ci gaban unguwa, CDA, wadda gwamnatin Legas ke hulɗa da ita kai tsaye, da kwamitin hulɗar 'yan sanda da jama'a, inda tsohon soja ke da daraja ta musamman. Jihar na da rundunar tsaron unguwanni da aka kafa da dokar 2016, wurin da shawarar irinsa ke da amfani.

In takara ce dole, kansila. Bayan ƙananan hukumomi 20 akwai yankunan raya ƙasa 37, Agege na da Orile-Agege a gefenta, kowanne da kansilolinsa, hukumar zaɓen jiha LASIEC ke shirya zaɓen. Gunduma ƙarama ce, a nan yawanmu zai iya yin magana, kuɗin kuma bai kai na majalisa ba ko kusa. Kasuwa, tasha, kwata, kwalbati, shara, abubuwan da ke damun mutanenmu kullum, tsarin mulki a hannun ƙaramar hukuma ya sa su. Na san tsohon soja zai ji kamar an rage masa igiya. Ka tuna masa cewa shi ma bai shiga Dafo da igiya a hannu ba. In ya yi wa'adi ɗaya, zai san wa ke da mutane wa ke da baki kawai, zai san ko cikinsa na iya ɗaukar a yi masa alkawari da safe a karya da yamma a kuma gaisa gobe ana dariya. Manjo bai taɓa iya wannan na ƙarshen ba, kuma ban ga laifinsa ba.

Aikin da ya fi kowanne, wanda ko Oga bai tsaya ba zai amfani wanda zai tsaya nan gaba, shi ne rajista. INEC na ba da damar mutum ya dawo da katinsa inda yake zaune duk lokacin da aka buɗe rajista. Tsohon samanja da ya iya tara kurata ɗari ya jera su cikin minti biyar, zai iya bin shago shago da majalisa majalisa ya tara mutane ya kai su. Ranar da ya shiga ofishin jam'iyya da jerin mutum dubu biyu masu kati a Agege, ba sai ya roƙi kowa ya saurare shi ba.

Ban san lafiyarsa ba, ban san haƙurinsa ba, kuma abin da na gani a majalisar wata jiha ba lallai ya zo daidai da Alausa ƙafa da ƙafa ba. Ku kuka san mutuminku. Amma kada ku tare shi gaba da gaba ku ce Baba ba za ka iya ba, soja in ya ji haka sai ya yi ko don ya nuna muku. Ka ce masa a fara leƙen asiri kafin a kai hari, wannan yaren zai ji. Taron gunduma na gaba ka raka shi, ku zauna a baya, ku ƙirga mutum nawa cikin shugabannin suka san sunansa ba tare da an gabatar da shi ba, ku kuma duba ko masu kiransa Honarabul an ba su kujera a gaba ko su ma a tsaye suke. Kafin nan, takardun gida da na banki a miƙa wa Hajiya mahaifiyarku ta ajiye.